Neman Gurbin Karatun Likitan Dabbobi: Nasiha ga Matasan Kwandere

Ƙasar da ta tashi daga Kwandere da Lafia ta gangara zuwa Doma da Awe da gaɓar kogin Binuwai ƙasa ce mai ruwa da ciyawa, saboda haka shanu ba sa rabuwa da ita rani da damina, kuma duk inda danshi ya haɗu da garke ba a rasa kaska da ƙudan tsando da cututtukan da suke ɗauke da su. Makiyayi a wannan yanki ya san sammore, wato cutar da ƙudan tsando ke sa wa saniya ta yi ta ramewa har ta kasa tashi, ya san kirci da ke ɓata fata da damina, ya san harbin daji da ke kayar da bijimi mai ƙiba cikin kwana ɗaya ko biyu, haka kuma matar da ke kiwon awaki da kaji a bayan ɗaki ta san yadda annoba ɗaya take share mata jarin shekara. Yaron da ya tashi a cikin wannan hali yana da dalilin neman karatun likitan dabbobi fiye da takwaransa na tsakiyar babban birni, amma sau da yawa yakan shiga neman ba tare da ya san yadda ake raba gurabe ba, ya dogara da jita-jitar abokai da ta masu shagon kwamfuta, har shekara ta wuce shi. Damar samun gurbi abu ne da ake iya lissafawa da alƙaluma tun kafin a biya kuɗin rajista, kuma ɗan Jihar Nasarawa yana da wata riba a cikin lissafin wadda da yawa suke zubarwa saboda rashin sani.

Karatun da ake magana a kansa shi ne wanda ke kai mutum ga digirin DVM, wato shaidar likitan dabbobi, kuma shekara shida ake yi a jami'o'in Nijeriya ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB. Shekarar farko ta kimiyyar tushe ce, bayanta a shiga nazarin ƙirar jikin dabba da yadda gaɓoɓinta ke aiki, sannan nazarin cututtuka da ƙwayoyin da ke haddasa su da magungunansu, a ƙarshe a kai ga asibitin koyarwa inda ɗalibi zai riƙe allura da wuƙar tiyata a gaban malamansa. Hukumomi biyu ne ke sa ido a kan karatun, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya, wato VCN, wadda ita ce ke rantsar da wanda ya kammala ta rubuta sunansa a rajista, kuma wanda babu sunansa a wannan rajista ba shi da ikon yin aikin likitan dabbobi a bisa doka. Nan ne ɗalibai da yawa suke rikicewa, domin akwai wani fanni dabam mai suna kimiyyar dabbobi, wanda ake koyarwa a tsangayoyin aikin gona irin ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu, kusa da Lafia, kuma shi ya fi karkata ga abinci da hayayyafa da tattalin kiwo. Fanni ne mai daraja da amfani, sai dai ba ya mai da mutum likita, don haka wanda burinsa duba cuta da yin tiyata ne ya wajaba ya tabbatar da sunan kwas ɗin da ya cike.

Tsangayoyin da ke koyar da wannan ilimi ba su da yawa idan aka kwatanta da yawan jami'o'in ƙasar. A Arewa, wadda ta fi daɗewa ita ce ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka kafa a tsakiyar shekarun 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, sai ta Maiduguri da ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta jami'ar aikin gona ta Makurdi wadda yanzu ake kira Jami'ar Joseph Sarwuan Tarka, da na Abuja da Jos da Ilori da ta Jami'ar Bayero a Kano. A Kudu akwai na Ibadan da Nsukka da Abeokuta da Umudike. Ɗan Kwandere ya yi sa'ar wuri, domin Makurdi tafiyar kimanin kilomita 100 ce daga Lafia, Jos da Abuja kuma duk ta Akwanga ake bi, wanda ke nufin uku daga cikin waɗannan tsangayoyi suna cikin tafiyar da ba ta kai yini ba. Duk lokacin da aka ji wata jami'a ta buɗe sabuwar tsangaya, abin da ya kamata a fara tambaya shi ne ko NUC da VCN sun amince da ita, saboda a shekarar 2012 gwamnatin tarayya ta dakatar da wasu kwasa-kwasai a Jami'ar Abuja, ciki har da na likitan dabbobi, kan batun rashin cika sharuɗɗa, kuma ɗaliban da ke ciki sun sha jira kafin a warware matsalar. Tsangayar ta samu amincewa daga baya, amma shekarun da suka salwanta ba wanda ya mayar wa masu su.

Ƙofar farko ita ce sakamakon sakandare na WAEC ko NECO. Ana bukatar kiredit, wato maki daga C6 zuwa A1, a darussa biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks. Darasin aikin gona, duk da kusancinsa da kiwo, ba kasafai ake karɓarsa a madadin Bayoloji ba a wannan fanni, kuma wannan ya kayar da yara da yawa daga makarantun ƙauye inda malamin aikin gona yake nan amma na Fiziks ba ya nan. Wasu jami'o'i suna yarda a haɗa sakamako biyu, wasu kuma suna fifita ko ma suna shardanta zama ɗaya, kuma akwai waɗanda ke mai da kowane A1 ko B2 zuwa maki su tara a cikin jimillar ɗalibi, ta yadda C6 biyar za su buɗe ƙofa amma su bar mai su a bayan layi. Wanda ya ga ɗaya daga cikin darussan biyar ya gaza, gara ya sake zama ya gyara kafin ya ɗora wani gini a kai.

Ƙofa ta biyu ita ce jarrabawar UTME da hukumar JAMB ke shiryawa, wadda ake yi a kan kwamfuta, darussa huɗu, tambayoyi 180 cikin awa biyu, jimillar maki 400. Ga mai neman likitan dabbobi darussan su ne Turanci da Bayoloji da Kimistiri da Fiziks, kuma wanda ya sa Lissafi ko aikin gona a gurbin ɗaya daga cikin ukun nan na kimiyya ya fitar da kansa daga takara ko da makinsa ya kai 300. Tambayoyi 180 cikin minti 120 na nufin daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, saboda haka yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa yakan ɓata minti goma na farko yana neman inda zai danna, hannunsa na rawa, agogon da ke gefen allo yana ta raguwa, alhali wanda ke kusa da shi ya riga ya gama rabin Turanci. Wannan rauni ne da ake iya magancewa da ƴan makonni na gwaji a wata cibiyar kwamfuta a cikin Lafia, kuma abin takaici ne a ga ilimin da aka tara cikin shekara uku ya faɗi a kansa.

Akwai wani adadi da ke yaudarar mutane kowace shekara, wato mafi ƙarancin makin da ake sanarwa bayan taron JAMB da shugabannin makarantu, wanda ya kasance 140 ga jami'o'i a 2024, aka ɗaga shi zuwa 150 a 2025. Wannan adadi iyaka ce kawai da ba a yarda wata jami'a ta sauka ƙasa da ita ba, ba ya nufin wanda ya samu 150 zai shiga likitan dabbobi. Kowace jami'a tana da nata makin, kowace tsangaya kuma tana da nata a saman na jami'a, kuma na tsangaya yana hawa da sauka gwargwadon yawan masu nema da ƙarfinsu a wannan shekara. Domin ɗalibi ya san matsayinsa, yana da kyau ya tuna cewa a jarrabawar 2024, wadda mutum fiye da miliyan 1.8 suka samu sakamakonta, kimanin kashi uku cikin huɗu sun gaza kaiwa 200. Wanda ya haura 200 ya riga ya shiga cikin kashi ɗaya cikin huɗu na sama, wanda ya kai 240 ko 250 kuma ya shiga sahun da ake yi wa kallon mai ƙarfi a yawancin tsangayoyin likitan dabbobi, ko da yake babu makin da za a ce ya zama tabbas. Hanyar da ta fi inganci ta sanin makin da ake bukata ita ce a nemi ɗaliban da suka shiga tsangayar a shekara biyu ko uku da suka wuce, musamman ƴan Nasarawa, a tambaye su nawa suka samu da nawa waɗanda ba su shiga ba suka samu.

Bayan UTME yawancin jami'o'i suna yin tasu tantancewar, wasu da jarrabawa ta biyu, wasu da duba takardu kawai, sannan su haɗa makin wuri ɗaya. Salon haɗawa ya bambanta, amma ɗaya daga cikin waɗanda aka saba shi ne a raba makin UTME da takwas domin ya koma bisa 50, a raba na tantancewa da biyu shi ma ya koma bisa 50. A wannan salo, mai 270 da ya samu 44 cikin 100 a tantancewa zai tashi da 33.75 da 22, jimilla 55.75, mai 240 da ya samu 60 kuma zai tashi da 30 da 30, jimilla 60, wato ya wuce wanda ya fi shi da maki 30 a jarrabawar farko. Lissafin yana nuna cewa maki takwas na UTME daidai suke da maki biyu kacal na tantancewa, don haka ɗalibin da ya ajiye littattafansa ranar da sakamakon JAMB ya fito, ya koma gona ko kasuwa ya manta da Kimistiri na tsawon wata uku, ya bar wurin da maki ya fi araha.

Abin da ya fi muhimmanci ga ɗan Kwandere shi ne yadda jami'o'in tarayya ke raba gurabensu gida uku. Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, inda ake jera masu nema daga ko'ina a ƙasar bisa makinsu, kashi 35 na jihohin da ke cikin yankin da aka ware wa jami'ar ne, kashi 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimin boko. Nasarawa tana cikin wannan rukuni na uku, kuma tana cikin yankin jami'o'in da ke maƙwabtaka da ita da kuma ta Zariya. Idan aka ɗauka wata tsangaya tana da gurbi 100, ɗan Nasarawa da ya nemi jami'ar da jiharsa ke cikin yankinta yana da damar shiga ta layi uku, na 45 da na 35 da na 20, alhali idan ya nemi jami'ar da ba ta lissafa jiharsa a yankinta ba ya rufe wa kansa layin tsakiya gaba ɗaya. Wannan tsari taimako ne da ƙasa ta yi da gangan domin yankunan da makarantun boko suka makara wurin isa, kuma babu abin kunya a cin moriyarsa, sai dai ba ya ɗaga wanda bai kai makin tsangaya ba, kuma a cikin kowane layi ma ana jera mutane bisa maki ne. Ɗan Kwandere yana takara da ɗan Keffi da ɗan Akwanga da ɗan Nasarawa Eggon, waɗansunsu kuwa sun yi karatu a manyan makarantun Abuja suna riƙe da takardar asalin jihar.

Daga nan ake gane nauyin zaɓi na farko. Jami'o'in da ke da masu nema da yawa ba sa duba wanda ya sa su a zaɓi na biyu, kuma tsangayar likitan dabbobi tana fara cika gurabenta da waɗanda suka neme ta da sunanta. An daɗe ana ganin ɗalibai da suka nemi likitancin mutane ba su samu ba, aka tura su ko suka sauya zuwa na dabbobi, suka shiga da zuciya biyu suna jiran ranar da za su koma inda suke so. Wasu cikinsu sun zauna sun zama ƙwararru, amma wasu sun yi shekara biyu suna kallon ƙofa har jarrabawar ƙwarewa ta fitar da su, domin a wannan karatu akwai matakan da idan ɗalibi ya faɗi zai sake, idan ya sake faɗuwa ya maimaita shekara ko a sallame shi. Wanda ya ga makinsa ya fito ƙasa da abin da yake fata yana da ikon sauya jami'a ko kwas a shafin JAMB, kuma hikima ita ce a yi sauyin da wuri, kafin jami'ar da ake so ta rufe rajistar tantancewa.

Akwai kuma gurabe da ake rasawa ba don ƙarancin maki ba, sai don sakaci da takardu. Tun daga 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma sunan da ke kan wannan lamba shi ne zai bi ɗalibi har ƙarshe, saboda haka idan an rubuta Muhammad a wuri ɗaya, Mohammed a wani, ko aka juya sunan uba da na kaka, ko ranar haihuwa ta saɓa, matsalar za ta fito a ranar da babu lokacin gyara. Tun daga 2017 kuma duk wani gurbi na halal yana bi ta manhajar JAMB mai suna CAPS, inda jami'a ke gabatar da suna, hukumar ta amince, ɗalibi ya shiga da kansa ya danna karɓa. Wanda ya yi rajista yana jiran sakamakon WAEC ko NECO dole ne ya koma cibiyar da JAMB ta amince da ita ya ɗora sakamakon bayan ya fito, in ba haka ba manhajar ba za ta gabatar da shi ba. Lambar waya da kalmar sirrin shafin su kasance a hannun ɗalibi, kada a bar su wurin mai shago. Duk wanda ya zo da maganar cewa yana da hanya a cikin jami'a idan aka ba shi kuɗi, to a sani gurbin da bai bayyana a CAPS ba ba gurbi ba ne.

Wanda bai samu ba a karon farko yana da wasu hanyoyi. Akwai shiga kai tsaye zuwa aji biyu ga wanda ya yi IJMB, shirin share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ko JUPEB, muddin ya yi Bayoloji da Kimistiri da Fiziks ya kuma samu maki mai kyau, sai dai guraben wannan hanya kaɗan ne. A Vom ta Jihar Filato, inda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa take tun 1924, akwai kwalejin tarayya ta lafiyar dabbobi da kiwo wadda ke ba da difloma, wasu tsangayoyi kuma suna karɓar mai wannan difloma idan sakamakonsa ya yi kyau, kuma ko bai ci gaba ba ya samu sana'ar da ake nema a karkara. Sake zaman UTME ma ba aibi ba ne idan an san abin da ya kayar da mutum aka gyara shi. Batun kuɗi kuwa a yi shi da iyaye tun da wuri, saboda shekara shida ba wasa ba ce ga gidan da ke jiran kakar doya da riɗi, ko da yake asusun bashin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya rage wa wasu nauyin kuɗin makaranta.

Duk wannan lissafi na shiga ne, kuma akwai tambayar da ta riga shi, wato ko mutum zai iya aikin. Likitan da ke duba nama yana isa mayanka kafin gari ya waye, ya tsaya cikin jini da tumbi, ya tsaga hanta ya matse magudananta ya ga ko tsutsotsi masu faɗi kamar ganye za su fito, ya shafa huhu da yatsu yana neman ƙulluwar tarin fuka, sannan ya fuskanci mahaucin da ya sayi saniyar da bashi ya gaya masa cewa wannan sashe ba zai shiga kasuwa ba. Na karkara kuma yana iya zura hannu har kafaɗa cikin saniyar da naƙuda ta tsaya mata, a tsakiyar ruga, da fitilar waya. Manhajar karatun ta ƙunshi karnuka da aladu, kuma ɗalibi Musulmi da wannan ke damunsa ya kamata ya tattauna da malamansa tun a gida, inda zai ji cewa a mazhabar Malikiyya dabba mai rai ana ɗaukarta mai tsarki, abin da ya taɓa na mushe ko jini kuma wankewa ake yi. Ƴan mata ba su da dalilin ja da baya, domin akwai mata da yawa a wannan sana'a har da farfesoshi, kuma mafi yawan awaki da kajin gidajen Kwandere a hannun mata suke, a cikin gidajen da likita mace za ta fi samun sauƙin shiga.

Aikin yana da nauyin da ya wuce garke. Bushiya, annobar da ta hallaka shanun Arewa a ƙarshen ƙarni na 19 ta kuma dawo da ƙarfi a 1983, an shelanta kawar da ita daga duniya a 2011, kuma masu allurar rigakafi da suka bi ruga ruga suna cikin waɗanda suka kawo ƙarshenta. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a wata gona a Jihar Kaduna a 2006, da ciwon haukan kare da ke kashe yara a ƙauyuka, da tarin da ke bin madarar da ba a tafasa ba, duk cututtuka ne da ake tarewa a jikin dabba kafin su isa ga mutum. Gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo a 2024, amma kada matashi ya gina fatansa a kan aikin gwamnati kaɗai, saboda gonakin kaji da kamfanonin magani da abincin dabbobi da asibitoci masu zaman kansu suna ɗaukar kaso mai yawa na waɗanda suka kammala.

Ɗalibin da ke aji biyu ko uku na babbar sakandare a Kwandere, idan wannan fanni yana ransa, ya nemi izinin mahaifansa ya je asibitin dabbobi na gwamnati ko mayanka a Lafia a hutun da ke tafe, ya roƙi a bar shi ya tsaya ya kalli aikin na mako ɗaya ko biyu. Idan ya dawo yana so har yanzu, ya ɗauko takardar haihuwarsa da ta NIN da ta asalin ƙaramar hukuma ya jera su ya tabbatar sunan ɗaya ne, harafi da harafi, kafin a buɗe rajistar JAMB, wadda yawanci a farkon shekara ake buɗewa.